Sharhi Kan Dardumar Armeniya Da Na Saya A Yerevan

Dardumar da nake magana a kanta saƙar hannu ce ta ulun tumaki, tsawonta mita ɗaya da rabi, faɗinta mita ɗaya, kuma na saye ta ne a wata masaƙa da ke Yerevan, babban birnin ƙasar Armeniya. Masaƙar ba kanti ce kawai ba, domin kafin a kai baƙo wurin ciniki sai an zagaya da shi ɗakin da mata ke saƙa, sannan a shigar da shi zauren da aka rataye tsofaffin dardumai ana yi masa bayaninsu ɗaya bayan ɗaya. Na dakata da rubuta wannan sharhi har sai da dardumar ta sha taku a gida, ta kuma ga ƙurar hunturu irin tamu, saboda kayan shimfiɗa ba a ranar saye ake sanin halinsa ba. Hukuncina shi ne ta cancanci kuɗinta, amma abin da ya fi ba ta daraja a wurina shi ne bayanin da aka haɗa ni da shi, domin wanda ya shimfiɗa dardumar Armeniya bai san abin da zanenta ke faɗi ba, rabin abin da ya biya kawai ya kai gida.

Ta fuskar aiki ban sami abin kushewa ba. Masaƙan suna amfani da ƙulli mai ninki biyu, wato a naɗe ulun a jikin zaren tsaye guda biyu sannan a fito da bakinsa ta tsakiya a yanke, kuma bayan kowane layi sai a ratsa zaren kwance a daddanna shi da wani matsefi mai nauyi. Armeniyawa suna kiran wannan ƙulli da sunansu, 'yan kasuwar duniya kuma sun fi jingina shi ga Turkawa, amma amfaninsa ɗaya ne: ba ya warwarewa da sauƙi. Da na kifa tawa na auna bayanta, na tarar da ƙulli huɗu a kowace santimita ta tsaye da ta kwance, abin da ke nufin kusan ƙulli 160,000 a murabba'in mita guda, wato kimanin 240,000 a dardumar baki ɗaya, kowanne da yatsun mutum aka ɗaure shi. A makonnin farko ta riƙa zubar da ɗan gashi idan an share ta, daga baya ya tsaya, kuma har yanzu gefenta bai nannaɗe ba, launinta bai koɗe ba.

Zanen da na zaɓa shi ne wanda suke kira artsvagorg, dardumar gaggafa, wanda aka fi danganta shi da yankin Jraberd na Karabakh, ƙasar tsaunuka da Armeniyawa da maƙwabciyarsu Azarbaijan suka daɗe suna rikici a kanta. A tsakiyarsa akwai wani babban tambari mai rassa da suka bazu ta kowane ɓangare, wanda wasu ke gani a matsayin fikafikan gaggafa a buɗe, wasu kuma hasken rana mai fitowa. Matar da ta zagaya da mu ta bayyana cewa a fahimtar mutanensu gaggafa alama ce ta iko da kariya, shi ya sa irin wannan darduma ba ƙasa kawai ake shimfiɗa ta ba, ana rataye ta a bangon ɗaki. Kusa da ita akwai vishapagorg, dardumar dodon maciji, wadda ita ce ta fi shahara a cikin dangin. Vishap wata halitta ce ta tatsuniyoyin Armeniyawa da ake alaƙanta ta da ruwa, kuma a kan tsaunukan ƙasar har yau akwai manyan duwatsu sassaƙaƙƙu tun kafin zuwan addinin Kirista, waɗanda ake kira da sunanta, galibi a kusa da idanun ruwa da tafkuna. A jikin darduma masaƙa sun yi ta taƙaita siffar dodon har ta koma wani lanƙwasasshen zane mai kama da ƙugiya mai baki biyu, kuma irinsa ne aka jera a gefen tawa. Akwai kuma otsagorg, dardumar maciji, wadda ake dangantawa da ƙauyen Khndzoresk na lardin Syunik. Rumman yana nuna yalwa da haihuwa, itacen rayuwa yana nuna ɗorewar zuri'a, sannan akwai wani zane mai kama da ƙafar keke mai juyawa da suke kira arevakhach, alamar dawwama, wanda mutum zai sake gani a bangon majami'unsu da kan duwatsun kaburbura.

A nan akwai abin da ya wajaba in faɗa wa mai saye Musulmi. Armeniya ta karɓi addinin Kirista a matsayin addinin ƙasa tun shekara ta 301 bisa lissafin da suka riƙe, kuma alamar gicciye ta shiga cikin zanensu sosai, wani lokaci a fili, wani lokaci a saje cikin tambarin tsakiya ta yadda sai an nuna maka za ka gane. Tawa ma tsarin tambarinta yana da wannan siffa. Na yaba wa masu masaƙar domin da na tambaya ba su ɓoye ba, har suka fito da wasu dardumai masu zanen furanni da rumman kawai ga wanda ya fi son haka. Ni dai na ɗauki tawa a matsayin shimfiɗar falo, ba ta salla ba, kuma ina ganin duk wanda zai saya ya kamata ya yi wannan tambaya tun kafin ya biya.

Abin da ya fi taɓa zuciyata a zagayen shi ne al'adar rubutu a jikin darduma. Armeniyawa suna da haruffansu na kansu, waɗanda Mesrop Mashtots ya tsara wajen shekara ta 405, kuma masaƙa da yawa sun riƙa saƙa sunansu, ko sunan wanda aka yi wa kyautar, ko shekarar gamawa, a bakin dardumar. Mafi shahara a wannan fanni ita ce dardumar Gohar, wadda ke ɗauke da shekara ta 1149 ta kalandar Armeniyawa, daidai da 1700 Miladiyya. A rubutun, matar da ta saƙa ta ta ambaci sunanta, ta kira kanta mai yawan zunubi kuma sabuwar hannu a sana'a, sannan ta roƙi duk wanda ya karanta ya nema mata rahamar Ubangiji. Duk wanda ya taɓa duba ƙarshen tsohon littafin hannu na malamanmu ya san irin wannan ƙanƙan da kai, inda marubuci ke rufewa da neman gafara wa kansa da iyayensa. Wannan ya sa na daina kallon darduma a matsayin kayan ado kawai, musamman da aka bayyana mana cewa a ƙauyuka 'ya mace takan saƙa nata da hannunta domin kayan ɗakin aurenta, tare da jakunkunan sirdi da na ajiye shimfiɗa da na gishiri.

An kuma ba mu labarin dardumar marayu, wadda 'yan mata Armeniyawa da suka rasa iyayensu a kisan kiyashin da ya fara a 1915 a ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkiyya suka saƙa a gidan marayu na Ghazir da ke Lebanon. Tana da ƙulli fiye da miliyan 4, an miƙa ta kyauta ga shugaban Amurka Calvin Coolidge a 1925 don godiya bisa agajin da aka ba su, kuma an baje ta ga jama'a a Washington a watan Nuwamba na 2014. Zanen da na saya ma yana da nasa nauyin, domin yankin da ya fito shi ne Karabakh, inda aka kwashe dardumai daga gidan tarihinsu na Shushi zuwa Yerevan lokacin yaƙin 2020 tsakanin Armeniya da Azarbaijan, kuma daga can ne Armeniyawa fiye da 100,000 suka yi hijira a watan Satumba na 2023.

Sai dai duk da wannan yabo, akwai wurare biyu da bayanin ya zarce abin da hujja za ta iya ɗauka, kuma ba zan rufe ido a kansu ba. Na farko shi ne batun dardumar Pazyryk, wadda masani Sergei Rudenko ya tono a 1949 daga wani kabari mai ƙanƙara a tsaunukan Altai na Saibiriya, take kuma ajiye a gidan tarihi na Hermitage a birnin Saint Petersburg. Ita ce dardumar ƙulli mafi tsufa da ta iso zamaninmu kusan cikakkiya, tun wajen ƙarni na 5 zuwa na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma tana da kimanin ƙulli 36 a murabba'in santimita, fiye da ninki biyu na tawa. An gabatar mana da ita kamar an gama yanke hukunci cewa ta Armeniyawa ce, alhali wasu masana ne suka tafi a kan haka, wasu kuma suna jingina ta ga Farisa ko tsakiyar Asiya. Haka nan ba a ambata mana cewa Azarbaijan ma tana ɗaukar zanen Karabakh a matsayin gadonta ba, kuma hukumar UNESCO ta sanya saƙar dardumar Azarbaijan cikin jerin al'adun duniya a 2010. Yankin Kaukasus, inda ƙasashen biyu suke, wuri ne da al'ummomi suka daɗe suna zaune kusa da juna suna aron zane, kuma faɗin haka ba zai rage wa Armeniyawa komai ba, tunda hujjojinsu na gaskiya sun ishe su. Ibn Khaldun ya kawo a cikin Muƙaddima cewa harajin da Armeniya ke kai wa baitulmalin Bagadaza a zamanin Abbasiyawa ya haɗa da shimfiɗu 20, kuma Marco Polo ya yabi dardumar da Armeniyawa da Girkawa ke saƙawa a Anatoliya a ƙarni na 13.

Na biyu shi ne batun jan launi. Armeniya ta shahara da wani rini da ake kira vordan karmir, wanda ake samu daga wani ƙaramin ƙwaro da ke rayuwa a saiwar ciyawa a filayen Ararat masu gishiri. Marubutan Larabawa sun san shi da sunan ƙirmiz, har Baladhuri ya kira garin Artashat da ƙauyen ƙirmiz. Ƙwaron ya yi ƙaranci ƙwarai a yau, shi ya sa aka keɓe masa wani fili na kariya a 1987. An daɗe ana ba mu tarihin wannan rini a gaban dardumar da ake son mu saya, ta yadda baƙo zai iya fita da zaton cewa da shi aka rina tasa. Sai da na yi tambaya kai tsaye aka ce mini jan tawa daga saiwar wani tsiro ne da suke kira toron, shuɗin daga baba, ruwan ɗorawar kuma daga ɓawon rumman da na albasa. Wannan rini ne mai kyau na asali, kuma da na goga farin ƙyalle mai laima a kai bai ɗauko launi ba, don haka ban ga dalilin barin mai saye cikin ruɗu ba.

Game da farashi, tsada ce babu shakka, kuma a kasuwar Vernissage da ke kusa da Dandalin Jamhuriya mutum zai ga masu rahusa, amma a can an gauraya saƙar hannu da ta inji, da ta Armeniya da ta maƙwabta, sai mai ido ne zai bambance. Hanya mafi sauƙi ita ce a kifa dardumar: ta hannu zanenta yana fitowa sarai a baya, ƙullinta bai cika daidaita tamkar an auna da ma'auni ba, kuma gezarta ci gaban zaren tsaye ce, ba ɗinka ta aka yi daga baya ba. Masaƙar ta ba ni takarda mai nuna girma da irin ulu da sunan zane, ta kuma naɗe dardumar ta yadda ta shiga jakar tafiya. Wanda yake son tsohuwar darduma kuma ya sani cewa fitar da kayan tarihi daga ƙasar yana buƙatar takardar izini daga hukuma, saboda haka ya nemi mai sayarwa ya kammala masa ita kafin ranar tashinsa. A gida kuma babban abokin gabar ulu shi ne asu, don haka nake fitar da tawa inuwa ta sha iska lokaci zuwa lokaci, ina kakkaɓe ta ta baya, ba na barin ta a naɗe cikin ɗaki mai danshi a lokacin damina.