Eriyar ciki ko ta waje ga GPS ɗin jirgin ruwa?

Ɗan'uwa, tunda ka ce jirginka mai rufin kwano ne, sayi mai eriyar waje kawai, kada ka tsaya ja-in-ja.

Taurarin GPS suna can sama, nisan kilomita kusan 20,200, kuma na'urar tana bukatar aƙalla huɗu kafin ta faɗa maka inda kake daidai. Siginar kan iso a raunane ƙwarai. Tana ratsa tamfol da fiba da roba, amma ƙarfe yana tare ta. Ka sa na'ura ƙarƙashin kwano, ai ka rufe mata ido ne.

Tawa Garmin GA 38 ce, 'yar fara mai kama da murfin kwano a kife, na ɗaure ta a kan bututu sama da rufi. Wata ranar hunturu mun taso daga Yauri da yamma, hazo ya rufe tafkin Kainji, ko bakin gaɓa ba a gani. Fasinjoji sun yi tsit, wata dattijuwa tana ta salati. Layin da ke kan allo bai yanke ba ko sau ɗaya, shi na bi har muka sauka lafiya. Tun ranar nake ganin girmanta.

Na'ura mai eriya a cikinta fa? To, in kwale-kwale ne buɗaɗɗe, za ta yi, kuma ta fi araha. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Wajen ɗaura eriyar waje, kada ka kai ta can ƙololuwa, domin in igiyar ruwa tana kaɗa jirgi sai ta riƙa ba ka gudun ƙarya. Wuri buɗaɗɗe ya isa, kamar mita 1 daga eriyar rediyo. Ka naɗe mahaɗin wayar da kyau, don ta nan ruwa da tsatsa ke shiga.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da wasu masu shago. Suna ɗauko ƙaramar eriyar mota mai maganaɗisu su ce ta jirgin ruwa ce, damina guda ta mutu. Wasu kuma su sayar maka da na'urar da ba ta da ramin jona eriya sam, su ce “ai akwai adafta”. Juya bayanta ka ga ramin da idonka, a kunna ta a waje ta kama taurari a gabanka, sannan ka ƙirga kuɗi. Ka karɓi rasit.