Ƙaramar silimar garinmu a Ingila: me ya cancanci kuɗin tikiti?

A garin da nake zaune a arewacin Ingila akwai wata ƙaramar silima mai ɗakin kallo biyu, wadda ba ta cikin rukunin manyan kamfanoni irin su Odeon da Vue da Cineworld. Jadawalinta na wata-wata ya kasu gida uku: sababbin finafinai, da wasannin dandamali da ake ɗaukowa daga manyan gidajen wasa a haska a majigi, sai kuma finafinan bayani a kan masu zane da gidajen adana zane-zane. Bayan na daɗe ina zuwa, ra'ayina shi ne duk wanda zai kashe kuɗinsa a wurin, to ya kashe shi a kan na biyu da na uku.

Game da sababbin finafinai babu wani dogon zance. Sau da yawa fim yakan iso nan ne bayan ya yi makonni a manyan silimomi, domin masu rarraba finafinai sukan nemi a nuna sabon fim sau da dama a kowace rana a makonsa na farko, kuma gida mai ɗaki biyu ba zai iya sallama ɗaki guda ga fim ɗaya ba. Allon bai kai na manyan gidaje girma ba, sautin ma daidai misali ne. Mai son fim ɗin faɗa da ƙarar fashe-fashe gara ya nufi birni.

Wasan dandamali kuwa wani abu ne daban. Gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke bakin kogin Thames a Landan ya fara wannan tsari a watan Yunin 2009 da sunan National Theatre Live, shekaru kaɗan bayan gidan waƙe na Metropolitan Opera da ke New York ya buɗe hanya a 2006. Ana jera kyamarori a cikin ɗakin wasan, a yi wasa a gaban 'yan kallo na gaske, sannan a aika hoton zuwa silimomi, ko dai kai tsaye ko kuma bayan an naɗa. Wasannin New York na ranar Asabar da rana sukan faɗo nan ne wajen ƙarfe shida na yamma saboda bambancin lokaci. Amfanin abin a fili yake ga wanda ya san kuɗin jirgin ƙasa zuwa Landan da na tikitin wasa da na masauki. Ban da sauƙin kuɗi, kyamara tana kai mutum inda kujera mafi tsada ba za ta kai shi ba, har ya ga gumi yana tsattsafowa a goshin ɗan wasa, ya ga leɓensa yana rawa kafin ya furta magana. Sai dai a nan ne kuma hasarar take, domin a gidan wasa kai ne kake zaɓar inda za ka duba, a silima kuwa mai sarrafa kyamara ne yake zaɓar maka, kuma wani lokaci abin da ya fi ma'ana yana fuskar wanda ake yi wa magana ne a can gefen dandamali, alhali allon ya cika da fuskar mai maganar. Akwai kuma wani ɗan abin dariya da ban daina lura da shi ba: idan 'yan kallon Landan suka ɓarke da tafi a ƙarshen wasa, mutanen ɗakinmu sai su riƙa duban juna, wasu su tafa a kunyace, wasu su fara neman rigunan sanyinsu.

Inda gidan ya fi burge ni shi ne finafinan zane-zane, waɗanda yawancinsu na jerin Exhibition on Screen ne, da ake shiryawa a Ingila. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na baje kolin ayyukan Johannes Vermeer, mai zanen birnin Delft na ƙasar Holan da ya rasu a 1675. Gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam ya tara zane 28 daga cikin talatin da 'yan kai da aka sani nasa ne, ya baje su daga Fabrairu zuwa Yunin 2023, tikiti ya ƙare cikin 'yan kwanaki, kuma mutane kusan 650,000 suka samu shiga. Wanda bai samu ba, fim ɗin ne ya rage masa. Zanensa na wata mai aikin gida da ke tsiyaya madara daga tulu, wanda tsayinsa bai kai rabin mita ba, a majigi sai ya cika bango, har ana iya ƙirga ɗigo-ɗigon fentin da ya sa ɓawon burodi yake ƙyalli, a ga ƙusa a jikin farin bango da 'yar inuwarta, a ga gilashin taga ɗaya da ya fashe. Shuɗin zanen da ta ɗaura an samo shi ne daga wani dutse mai tsada da ake haƙowa a Afganistan. Binciken da aka yi da na'urori ya nuna cewa da farko ya zana maratayar tuluna a bayanta da wani kwando a ƙasa, daga baya ya shafe su ya bar bangon fayau. A gidan tarihi, cikin cunkoso, da mai gadi yana hana matsowa, ba kowa zai ga rabin wannan ba. Aibin irin waɗannan finafinai shi ne masanan da ake hira da su ba sa faɗin komai sai yabo, kuma girman allo yana sa mutum ya manta ainihin ƙanƙantar zanen.

Akwai abubuwan da ya kamata ɗan'uwa Bahaushe ya sani kafin ya kai iyalinsa. Ana sayar da giya a wurin sayar da gugguru da shayi, kuma an yarda a shiga da ita ɗakin kallo, musamman a daren wasan dandamali. Zane-zanen Turai na da suna cike da hotunan tsiraici, don haka alamar shekaru ta hukumar tace finafinai ta Birtaniya, daga U (na kowa da kowa) zuwa 18 (na manya kawai), ba ta wadatar ba, sai mutum ya duba ko wane mai zane ne. Wasan dandamali yakan kai awa uku, kuma babu wurin salla a ginin, amma hutun tsakiya na kusan minti ashirin ya isa, kuma ma'aikatan sun taɓa buɗe mini wani ɗakin taro ba tare da wata doguwar tambaya ba. Wanda kunnensa bai saba da tsohon Turancin Shakespeare ba, ya nemi ranar da ake sa rubutu a ƙasan allo.

Tikitin wasan dandamali ya kusa ninka na fim, na zane-zane kuma yana tsakanin biyun. Kujerun ƙaramin ɗakin sun tsufa, dogon mutum zai sha matsi a gwiwa, kuma a lokacin hunturu ba a cika ɗumama ɗakin sosai ba. Finafinan zane-zane sau ɗaya ko biyu kawai ake nuna su, galibi a tsakiyar mako da rana, lokacin da ya dace da tsofaffi masu fansho amma bai dace da ma'aikaci ba, kuma wannan ne babban ƙorafina a kan gidan. Duk da haka ɗakin yakan cika, saboda haka sai an sayi tikiti ta intanet tun da wuri, a zaɓi layin tsakiya, domin daga layin gaba sai mutum ya wuni yana ɗaga wuya.