Masu Tura Waƙa a Birnin Kebbi da Sabon Kiɗan Kantiri: Inda Suke Iyawa da Inda Suke Kwafsawa

Duk direban da ke bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega da Yauri ya san shagunan turi na bakin kasuwa da tasha: kwamfuta ɗaya, sifika a ƙofa, ka miƙa memori a cika maka. Idan tsofaffin mawaƙan kantiri na Amurka irin su Don Williams ko Kenny Rogers kake so, babu matsala, suna da su tuli. Rigimar tana farawa ne idan ka ce sabon kantiri kake nema, irin na Chris Stapleton, Eric Church, Luke Combs ko Zach Bryan.

Wannan kiɗa na Amurka bai bar tushensa ba. Har yanzu maganar manomi ce, da direban tirela, da lebura mai jiran kuɗin ƙarshen mako. Stapleton kansa ɗan mai haƙar kwal ne daga jihar Kentaki, kuma kundinsa na 2015 ne ya fito da shi duniya. Abin da ya sauya shi ne nauyin kiɗan: an shigo da jitar lantarki mai gurnani da ganguna masu ƙarfi irin na rok, aka ɗora su a kan banjo da gogen Turawa. Banjon ma, in an bi salsala, daga molayen Afirka ta Yamma ya samo asali, shi ya sa kunnen Bahaushe ba ya baƙuntarsa.

To wannan nauyin shi ke tona asirin mai turi. Waƙar Don Williams murya ce mai sanyi da jita a hankali, ko an matse fayil ɗin ba ka jin ɓarnar sosai. Sabon kuwa ba ya yafiya. MP3 mai lamba 128 (lambar da ke nuna ingancin sautin fayil), waƙar minti 4 tana cin kusan megabait 4. Mai lamba 320 tana cin kusan 10. Bambancin nan sauti ne aka zubar, kuma siririn sauti mai kaifi ake fara zubarwa. Saurari faya-fayan tagullar da mai ganga ke bugawa: idan maimakon ƙara mai tsabta ka ji "shuuu" kamar an zuba ruwa a kasko mai zafi, an matse waƙar. Jitar lantarki kuma sai ta cakuɗe da murya har ka kasa raba su. Wasu shagunan daga bidiyon YouTube suke cirowa, su mayar da shi 320. Lambar ce kawai ta ƙaru, abin da ya zube ba ya dawowa. Babu dalilin wannan rowa ma, tunda memori mai giga 8 yana ɗaukar waƙa sama da 700 ko da duka 320 ne.

Sai maganar memorin kansa. Yawancin rediyon mota da ƙananan sifiku tsarin FAT32 kaɗai suke karantawa, alhali memori mai giga 64 da tsarin exFAT yake zuwa. Ka sa shi a mota ya yi shiru, ka ɗauka ya mutu, nan kuwa lafiyarsa lau. Ka tsaya a giga 16 ko 32. Haka fayil mai ƙarewa da M4A: waya tana kunna shi, rediyoyi da dama kuwa tsallake shi suke yi. Ka ce wa mai shago MP3 zalla. Jabun memori ma ya yi yawa, a rubuce giga 32, a ciki bai kai ba. Sunayen waƙoƙin za su fito reras, amma wasu ba za su buɗe ba. Kafin ka biya, sa a kunna ta farko, ta tsakiya da ta ƙarshe.

Yabo inda ya dace: suna da sauri, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, kuma sun hutar da mutum sayen data a inda sabis ke wahala. Masu kirki a cikinsu suna ware kowane mawaƙi a jakarsa. Sauran kuwa sai ka tarar da waƙar Indiya ta faɗo tsakiyar Eric Church.

Abu ɗaya da ba sa faɗa maka, wataƙila don ba sa bin Turancin: da yawa daga cikin waƙoƙin nan giya da mashaya suke ambato ɓaro-ɓaro. Mai ɗaukar iyali ko fasinja ya duba sunayen, duk inda ya ga kalmar wiski ko biya ya san abin da ke ciki. Idan kuma ka dawo gida ka ga jakunkunan sun koma masu ɗan kibiya a gefe, kwamfutar shagon tana da bairos. Kada ka danna su a taka kwamfutar. A wanke memorin gaba ɗaya, a sake turi a wani shagon.