Shekara goma na Beatles, sittin na Rolling Stones

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙungiyar kiɗan rok tana iya daɗewa tana fitar da waƙoƙi masu kyau ba tare da hannunta ya yi sanyi ba. Bari in jera maka biyu, domin kusan tare suka taso a Ingila, amma kowacce da inda ta nufa.

Beatles a Liverpool aka kafa su a 1960. Faifansu na farko ya fito a 1963, a 1970 suka watse, wato shekara bakwai kacal tsakanin faifan farko da na ƙarshe. Waƙoƙi goma daga cikin sha huɗu na faifan farkon a rana ɗaya suka naɗe su, 11 ga Fabrairun 1963, kafin a tashi muryar mawaƙinsu John Lennon ta dushe. A 1966 suka daina hawa dandali, don ihun 'yan kallo ya kai su kansu ba sa jin abin da suke kaɗawa. Suka tare a sutudiyo, inda faifansu Sgt. Pepper na 1967 ya ci musu watanni. Daga 1965 zuwa 1969 da wuya ka sami faifansu biyu masu kama da juna. Sai dai a ganina watsewa da wuri ta rufa musu asiri. Ba wanda ya kai shekara talatin a cikinsu lokacin da suka rabu, don haka ba mu ga gajiyarsu ba.

Rolling Stones kuwa mun gani. An kafa su a Landan a 1962, sun haura shekara sittin suna abu ɗaya. Amma ka tambayi masoyansu na gaske inda zumar take, faifai huɗu za su lissafa maka: Beggars Banquet a 1968, Let It Bleed a 1969, Sticky Fingers a 1971, sai Exile on Main St. a 1972. Na ƙarshen nan, an naɗi da yawansa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani gida da mai jitarsu Keith Richards ya kama haya a kudancin Faransa, bayan haraji ya koro su daga Ingila. Zafi da laima har kwance tsirkiyar jita suke yi, amma a haka kiɗan ya yi daɗi.

Bayan nan sai aka shiga yau da daɗi gobe babu. Mick Taylor, mai jitar da ya ƙawata shekarun nan, ya fita a 1974. Sun farfaɗo da Some Girls a 1978. Tattoo You na 1981 ya karɓu ƙwarai, alhali yawancinsa tsofaffin naɗe-naɗe ne da aka zaƙulo aka gyara. Sai rigimar mawaƙinsu Mick Jagger da Richards ta taso. Daga 2005 zuwa 2023, shekara 18 cur, ba su fitar da faifan sababbin waƙoƙinsu ba, a tsakani ma makaɗin gangarsu Charlie Watts ya rasu a 2021. Filin wasa kam yana cika maƙil, amma tsofaffin waƙoƙin ake zuwa ji.

Ka ga ke nan ganiyar kowaccensu ba ta wuce shekara biyar zuwa bakwai ba. Ɗaya ta tsaya da ganiyarta ta ƙare, ɗaya ta ci gaba da tafiya.

In kuma nufinka ƙungiyar da ba ta sauya salo, wannan AC/DC ce ta Ostireliya. Mawaƙinsu Bon Scott ya rasu a Fabrairun 1980, a Yulin shekarar suka fitar da Back in Black da sabuwar murya, kiɗan bai gusa ko taku ɗaya ba. Har faifansu na 2020 haka yake. Ni dai ina jin biyu in ƙoshi.

Ka saurari Sticky Fingers, ka bi shi da Dirty Work na 1986, shi ma na Rolling Stones, a zama ɗaya, sannan ka dawo mu yi gardama.