Allon tsayuwa mai hura iska: ya dace da tafkin Jabi, amma ba sa'an igiyar teku ba ne

A jikin kwalin allon an buga hoton wani yana tsaye cikin igiyar ruwa da ta ninka shi tsawo, filafili a hannu, kumfa na tashi ta bayansa. Hoton nan shi ne ƙaryar farko. Abin da ke cikin kwalin allo ne mai kyau, irin wanda ake hura wa iska a tsaya a kansa ana tuƙi da filafili, ya kuma biya kuɗinsa a ruwan kwance irin na tafkin Jabi, sai dai ba don irin wancan ruwan aka ƙera shi ba.

Wanda muka gwada irin na gama-gari ne da 'yan kasuwa ke shigo da shi Abuja cikin jakar goyo: tsawo ƙafa 10 da inci 6, faɗi inci 32, kauri inci 6, nauyinsa bai wuce kilo 10 ba. Tare da shi akwai famfon hannu mai geji, filafilin alminiyam mai gaɓa uku, igiyar ɗaure ƙafa mai naɗi kamar wayar tarho ta da, fiffike guda da ake zurawa a ƙarƙashin wutsiya, da ɗan gwangwanin kayan faci. A cikin allon akwai dubban zarurruka da suka haɗa fatar sama da ta ƙasa, su ke hana shi kumbura kamar balan-balan, su sa ya miƙe kamar katako idan ya sha iska.

To, wajen shan iskar ne mutane suka fi yin kuskure. A tsakiyar bawul akwai ɗan tsinke mai sifirin. Kafin ka ɗaura tiyo, tabbatar tsinken yana sama. In ka bar shi a danne, kana cire tiyo duk wahalarka za ta fice fuuu cikin daƙiƙa kaɗan. Sannan allurar geji ba ta motsi sai iska ta kai wajen PSI 5 zuwa 7 (PSI ma'aunin matsin iska ne), har mutum ya ɗauka gejin ya lalace. Ci gaba da bugawa. A wannan lokaci allon ya riga ya yi kama da cikakke, kuma nan ne masu gajen haƙuri ke tsayawa. Allon da bai kai PSI 15 da aka rubuta a gefen bawul ba lanƙwashewa yake a tsakiya kamar ayaba, hanci da wutsiya su ɗaga, ruwa ya riƙa wanke maka ƙafa. Bugun yakan ci minti takwas zuwa goma, kuma na ƙarshen sai da nauyin jiki, ba ƙarfin damtse ba.

Zafin Abuja na watan Maris da Afrilu wani abu ne da takardar bayanin ba ta yi lissafi da shi ba. Iska tana faɗaɗa idan ta yi zafi. Allon da aka cika da sanyin safiya aka yar a kan siminti har azahar, ko aka kulle a cikin mota a hure, ɗinkin gefensa ne zai fara saki. A kan ruwa babu matsala, ruwan na sanyaya shi. In za a huta a tudu, a sa shi inuwa ko a rage masa PSI biyu ko uku.

A kan tafkin kuwa sai son barka. Faɗin inci 32 ya ba shi zama, mai kilo 80 ko 90 zai tsaya ba tare da rawar ƙafa mai yawa ba. Ka fara a durƙushe, ka yi tuƙi kaɗan har allon ya ɗauki tafiya, sannan ka miƙe, ƙafa ɗaya a kowane gefen mariƙin tsakiya, gwiwa a ɗan sake, ido a can gaba. Duk wanda ya kalli ƙafarsa ya sha ruwa. Filafilin a ƙara masa tsawo ya wuce kanka da santimita 15 zuwa 20, kuma bakinsa da ya karkace gaba zai fuskanta, ba baya ba, duk da ido na raya wa mutum akasin haka. Filafilin da ya zo da allon dai shi ne mafi rauni a kayan: yana da nauyi, maƙallin gaɓarsa na sassautawa, in ruwa ya cika bututunsa yana iya nutsewa. A ɗaure sukurun maƙallin kafin kowace fita.

Inda allon ya fara nuna halinsa shi ne idan iska ta taso. Kaurin inci 6 ya ɗaga shi sama da ruwa, kai kuma da kake tsaye ka zama tamkar tuta. Iskar hunturu ko guguwar da ke riga hadarin farkon damina tana iya tura mutum tsakiyar tafki yana tuƙi yana komawa baya. Dabara ita ce ka fara tafiya kana fuskantar iska, domin ta rako ka a dawowa lokacin da ka gaji. In ta fi ƙarfinka, durƙusa, ko ka kwanta rub da ciki ka sa filafilin ƙarƙashin ƙirji ka yi tuƙi da hannu. Haka nan ƙaramar igiyar da jiragen gudu ke bari a baya: juya hanci ka tare ta kai tsaye, filafili a cikin ruwa. Ko a wannan 'yar igiyar za ka ji allon ya yi lanƙwasa a ƙarƙashin tafin ƙafarka kamar katifa. Wannan lanƙwasar ce amsar duk wanda ke tunanin ɗaukarsa zuwa Legas.

Wasan tsayuwa a allo da filafili a Hawai ya samo asali, kuma gwanayen hawan igiyar teku Laird Hamilton da Dave Kalama ne suka fito da shi duniya ta sani a farkon shekarun 2000. Allon da ake hawan igiya da shi daban ne tun daga ƙira. Mai tauri ne, soso a ciki, an lulluɓe shi da zaren gilashi ko kabon. Gefensa siriri ne, musamman wajen wutsiya, domin ya yanki fuskar igiyar ya riƙe. Hancinsa a ɗage yake don kada ya caki ruwa lokacin gangarowa, fiffikensa kuma uku ne ko huɗu. Na matsakaiciyar igiya yakan kasance ƙafa 8 zuwa 9. Na manya-manyan igiyoyi irin na gaɓar Pe'ahi a tsibirin Mawi na Hawai ya fi tsawo, ya fi siranta, wutsiyarsa mai tsini, saboda babbar igiya gudu gare ta, sai allo mai sauri ne ke cim mata kafin ta miƙe tsaye.

Ka ɗora namu a ma'auni. Gefensa kauri ɗaya ne daga hanci har wutsiya, kuma a dunƙule yake kamar bututu, ba shi da abin da zai kama ruwa da shi, sai ya zame gefe. Ƙasansa a shimfiɗe, hanci zai nutse a gangara ta farko ya wurga ka gaba. Cikinsa ya kai wajen lita 300 na iska, ninki biyu ko fiye na allon igiya, ma'ana idan farin kumfa ya kama shi ba ka da ikon riƙe shi, kuma ba a iya nutsar da shi a bi ta ƙarƙashin igiya yadda masu ƙaramin allo ke yi. Ruwan da ya cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe tan guda ne, igiya mai tsawon mutum biyu kuwa tana sauke irinsa da yawa lokaci ɗaya. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Igiyar ƙafar da ta zo da shi ma haɗari ce a teku. Mai naɗi an yi ta ne don kada ta ja ruwa a tafki. A cikin igiyar ruwa miƙewa take iya tsawonta, sannan ta dawo da allon da ƙarfi zuwa fuskarka. Igiyar ƙafa ta teku miƙaƙƙiya ce, mai kauri, tsawonta daidai da na allon. Ɗan zoben da ake ɗaura ta a wutsiyar allon namu da gam aka manna shi, fizga ɗaya ta babbar igiya na iya ɓalle shi, ka zauna a ruwa ba allo. Masu hawan manyan igiyoyi na sa riga mai ƙananan tulunan iskar gas da ake jan zare ta kumbura ta fito da mutum sama, ga kuma babur ɗin ruwa yana jira ya tsamo su kafin igiya ta biyu. A Nazare ta Fotugal, inda Sebastian Steudtner ya hau igiya mai mita 26.21 a watan Oktoban 2020, babur ɗin ne ma ya ja shi ya shigar da shi, ba tuƙi da filafili ba.

Ba sai an je Fotugal ba. Gaɓar Legas tana samun igiyoyi masu ƙarfi daga kudancin tekun Atlantika a watannin damina, da yawa kuma a bakin yashi suke fashewa, ga jan ruwa mai komawa ciki. Wanda jan ruwan ya kama kada ya yi kokawa da shi, ya bi gefe, daidai da layin gaɓa, har ya fita daga hanyarsa. Mai son koyo ya nufi Tarkwa Bay, inda katangar duwatsu ta rage ƙarfin ruwan, ya karɓi allo mai tauri a wajen masu koyarwa, ya fara da igiyar da ba ta wuce gwiwa ko ƙugu ba. Ƙa'ida biyu tun ranar farko: kada allo ya shiga tsakaninka da igiya, in za ka faɗi kuma ka faɗi nesa da shi, hannu a ka.

Mu dawo Jabi. Rigar ceto ba ta cikin jakar, sai ka saya daban, kuma igiyar ƙafa ba ta maye gurbinta. Bayan fita a wanke allon da ruwa mai tsabta, a bar shi ya bushe kafin a naɗe daga hanci zuwa bawul, kai ma ka yi wanka da sabulu ka goge jiki, ka kuma rage zama cikin ruwan bakin gaɓa mai ciyayi, don irin wurin ne dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya ke so. Idan allon ya fara yin laushi da kansa, shafa ruwan sabulu a gefen bawul tukuna, yawanci nan ne, kuma makullin roba da ke cikin gwangwanin ya isa a ƙara ɗaure shi bayan an sauke iska. In huda ce, kada a kai wa mai facin taya, gam ɗinsa na roba ne, ba ya kama irin wannan leda. A yanka faci mai zagaye da ya wuce ramin da santimita biyu ko uku, a shafa gam ɗin da ya zo da allon a fuska biyu, a danne da abu mai nauyi, a bar shi awa 24 kafin a sake hura shi.