Amalanken fito da nama daga daji: sharhi kan mai taya biyu

A yammacin Amurka, a jihohi irin su Montana, Idaho da Kolorado, wahalar farautar elk, babbar barewar nan mai rassan ƙaho, tana farawa ne bayan dabba ta faɗi. Namiji babba kan kai kilo 300 ko fiye, kuma yawanci inda ya faɗi mota ba ta zuwa. Amalanken da na yi aiki da shi irin na ƙarfe ne mai naɗewa, tayoyi biyu masu inci 20, roba zalla ba iska, kuma an rubuta a jikinsa cewa yana ɗaukar kilo 225. Hukuncina a kansa: a kan tsohuwar hanyar masu saran katako ba shi da na biyu, amma da an sauka daga hanya sai ya zama ƙarin kaya.

Kada adadin nan na kilo 225 ya ruɗi kowa. Ƙarfen zai ɗauka, mutum ne ba zai iya ja ba. A hanya mai ɗan hawa, kilo 70 zuwa 90 ne abin da mutum ɗaya zai ja ba tare da ya galabaita ba. Cinyar namiji ɗaya da ƙashinta tana kai kilo 30 zuwa 35, don haka a lissafa sawu biyu, ko a samu abokin turawa.

Yadda aka yi lodi shi ne rabin aikin. A feɗe, a raba cinya biyu da karfata biyu, a cire naman gadon baya da na wuya, kowane a zuba shi cikin buhun yadi mai shan iska saboda ƙuda da ƙura. Cinyoyi su zauna daidai kan sandar da ta haɗa tayoyin, kamar yadda mai kurar ruwa yake jera jarkokinsa, ƙananan buhuna kuma a gaba. Idan nauyi ya yi baya, mariƙin zai riƙa ɗagawa sama a gangara. Idan ya yi gaba, kafaɗa ce za ta ɗauki abin da ya kamata taya ta ɗauka. A gwada kafin a ɗaure: mariƙi ya ɗan danne hannu kaɗan, shi ke nan. Igiya mai ƙugiya da maɗauri guda biyu a gicciye, ta uku a tsaye, sannan a sake tsuke su bayan tafiya kaɗan, domin ɗanyen nama yana lotsawa igiya ta saki. Ƙafar da ta leƙo gefe takan shiga wayoyin taya ta lanƙwasa su, gara a yanke ta daga gwiwa.

Inda amalanken ya fi ba da haushi shi ne gefen tsauni. Duk nauyin yana komawa kan tayar ƙasa, ta sama ta ɗaga, ya kife. A nan ne wayoyin taya suke karyewa, sandar tayoyi ta lanƙwashe. Itatuwan da suka faɗi suka tare hanya ma haka, kowane kututture sai an ɗaga ko an sauke kaya. Siririyar hanyar ƙafa kuwa ba ta ɗaukar faɗinsa. Mai farauta a irin wannan wuri ya nemi mai taya ɗaya a tsakiya, mai mariƙi gaba da baya na mutum biyu, ko ya cire ƙashi ya goya naman zuwa bakin hanya inda ya ɓoye amalanken.

Rashin birki babban aibi ne, kuma ban ga dalilin da zai sa a ƙera abin ɗaukar wannan nauyi ba tare da shi ba. A gangara kada a tsaya a gabansa. A sa shi gaba a riƙe daga baya, idan gangaren ya yi tsanani a naɗa igiya a jikin bishiya a riƙa saki kaɗan-kaɗan.

Tayar roba zalla ba ta faci, wannan na yaba, sai dai tana dukan dutse da ƙarfi har noti ya kwance. A tafi da sifana, ƙarin fil na riƙe taya guda biyu da ɗan waya, a kuma shafa wa boris man giris kafin kaka, lokacin farauta. A taɓo mai danƙo ko dusar ƙanƙara mai zurfi, tayoyin suna cushewa; robar da ake ɗora kaya a kai a ja ta a ƙasa ta fi shi amfani.

Sai doka. Dokar kare daji ta 1964 ta hana abin hawa ko na ɗaukar kaya mai taya a yankunan da aka keɓe, irin su dajin Bob Marshall a Montana da na Frank Church a Idaho, kuma amalanken nama yana ciki. Can sai doki, alfadari ko goyo a baya. A sauran gandun dajin gwamnatin tarayya, hanyoyin da aka rufe wa motoci galibi a buɗe suke gare shi, amma a duba taswirar yankin. Jihohi da yawa suna hukunta wanda ya bar naman ci ya lalace, wasu suna so a bar shaidar jinsin dabba a manne da cinya, wasu kuma sun taƙaita fitar da ƙwaƙwalwa da ƙashin baya saboda cutar da ke ramar da barewa.

Kada saurin lodi ya sa a tara nama da zafinsa. Cinya tana fara ruɓewa daga ciki, kusa da ƙashin ƙugu, don haka a tsaga ta har ƙashi, a rataye a inuwa ta sha iska, kuma kada a lulluɓe kaya da leda. Abin da zai jira sawu na biyu a ƙasar beyar grizzly, babbar dabbar daji mai haɗari, a rataye shi sama da mita 3, nesa da kayan ciki, a wurin da za a hango daga nesa kafin a matsa.