Jirgin haya ko jirgin gwamnati?

A yaƙin Ingila da Faransa, daga 1793 zuwa 1815, rundunar ruwan Ingila takan ƙera ƙananan jirage, takan kuma yi haya.

Ƙerawa na cin katako da watanni, amma jirgi da mutanensa duk nata ne. Na haya kuwa, sau da yawa mai tirken filafilai ɗaya, a shirye yake zuwa daga garuruwan bakin tekun Ingila irin su Doba. Mai shi ne ke kawo matuƙa da shugabansu, gwamnati ta ɗora hafsa a kansu; shugaba biyu ke nan a jirgi guda. Duk da haka na fi ganin hikimar haya: jiragen haya ke kai wasiƙu da rakiyar jiragen fatake, har huɗu masu tirke ɗaya suka halarci gumurzun Kamfadawun, yaƙin ruwa tsakanin Ingila da Holan, a 1797.